Zabuwar da Ta Hau Mini Hula

Komai zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar iyayen Hadiza a Ɗan Kassari ba. An kwana biyu da yin abin, amma ko yau na tuna sai in ji kamar in ja riga in rufe fuska.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, darasin halittu nake koyarwa, kuma Mushe ake kirana, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Wasu Allah ya sa musu son kiwon tumaki, wasu tantabaru, ni kuwa sai ya jarabce ni da masu jan ciki. A gidan da nake haya ina da kunkuru biyu, da wani ɗan maciji marar dafi a cikin akwatin gilashi, wanda ba shi da aiki sai cin ɓera da barci (har ya fi ni lalaci, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce). Sai hawainiya guda da ta mai da bishiyar lemun tsakar gida fadarta. Madam nake ce mata, saboda irin takunta.

Hadiza, yarinyar da nake nema, aikin jinya take yi a cikin gari, kuma ta san halina. Ana gobe zan tafi ƙauyensu ta ja mini kunne.

"Don Allah, Mushe, in ka je gaban Baba kada ka ɗauko zancen ƙadangarun nan naka. Mutanenmu in suka ji mutum na kwana da maciji, cewa za su yi ko gardi ne ko mai iskoki. Ka bari a ɗaura tukuna."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ni ba yaro ba ne.

Da safe na shanya babbar rigata a igiya don ta sha iska, igiyar kuwa a jikin lemun nan take ɗaure. Ina wanka abokina Salihu, wanda zai raka ni, ya iso da babur yana ta danna ham kamar gobara ta tashi. Na fito a gaggauce, na fizgi rigar na zura, na naɗe hannuwanta a kafaɗa, na kafa hula. Ko madubi ban duba ba. A hanya, muna wuce amalanken jakai cike da dammunan hatsi, na riƙa jin wani abu na ɗan sosa mini ƙeya. Na ce aikin wuyan riga ne, sabon ɗinki.

Mun tarar da mahaifinta, Malam Tankari, a ƙarƙashin rumfa tare da ƙannensa biyu. Can gefe kakar Hadiza ce a kan 'yar kujera, tsohuwa mutuniyar Lugu, mai ido kamar na shaho. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa, aka yi gaisuwa har da ta kaka da ta gajiyar girbi. Aka kawo fura a ƙwarya aka ajiye gabanmu. Na zauna a bakin tabarma, kai a sunkuye, ina yin irin kunyar da ta kamaci mai neman 'yar mutane.

Can sai na lura ƙanin Malam da ke kusa da ni ya ja baya kaɗan. Jim kaɗan ɗayan ma ya matsa. Matan da ke leƙe ta bakin danga suka yi tsit. Ni kuwa a raina na ce, lallai shadda ta yi aikinta, kwarjini ne ya cika wurin. (Ka ji wauta.) Salihu ya zungure ni da gwiwar hannu, ya nuna kansa da yatsa. Na ɗauka cewa yake in ƙara ladabi, sai na ƙara sunkuyar da kai. Ya sake zungura ta, ya ce ƙasa-ƙasa, "Hularka." Na harare shi. Hula ce da na zaɓa da kaina, me ya sani game da hula?

Malam Tankari ya yi gyaran murya.

"Mushe, an ce muna kana taɓa kiwo can Dutsi."

Na ce, "E, Baba, ɗan kaɗan ne."

"Awaki?"

"A'a, ba su kai awaki ba."

"To mi?"

Gargaɗin Hadiza ya faɗo mini. Na laluba cikin kaina, abin da ya fara zuwa bakina shi na saki.

"Zabbi ne, Baba."

"Zabbi," in ji shi, yana gyaɗa kai a hankali. Amma ba fuskata yake kallo ba, sama da ita yake kallo. Ni kuma, maimakon in tsaya nan, sai shaiɗan ya ƙara mini mai. Na shiga bayanin yadda suke ƙwai da damina, da yadda suke damun maƙwabta da kuka. Har adadi na ba su.

Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "To, Mushe, wagga zabuwar taka dai ba ta da gashi."

Kafin in fahimci maganar, tsohuwa ta karɓe daga gefe. "Ni ku hwaɗa mini, cikin su biyu wa ka son jikata? Na bisa ko na ƙasa?"

A daidai lokacin wata 'yar ƙafa mai sanyi ta sauko daga bakin hula ta dafa mini goshi. Na ɗaga ido, sai ga ido guda yana juyawa yana kallona. Madam ce. Ashe tun daga gida tana cikin naɗin riga, da muka zauna ta hau hula ta yi ta kallon surukaina ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu fa ni ne mutumin da ke ɗaukar maciji da hannu a gaban 'yan aji yana ce musu tsoro jahilci ne. To, wannan mutumin ne ya ƙwalla ƙara irin wadda ban san tana cikin ƙirjina ba. Na yi wurgi da hula, na zabura, ƙafata ta harɗe cikin riga, na dafa ƙwaryar fura da hannu biyu. Fura ta wanke ni har gemu. Hula ta faɗi tsakiyar tabarma, Madam ta sauka daga kanta ta kama hanyar danga, taku ɗaya ta tsaya, taku ɗaya ta tsaya, ko a jikinta. Matan bayan danga kuwa har wata na neman a riƙe ta don dariya. Salihu, abokin arziki, ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Malam Tankari kaɗai bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ya sa aka ba ni ruwa na wanke fuska, sannan ya ce, "Hawainiya ba ta dame ni ba, halittar Allah ce. Zabbin nan su ad damuwata. Wanda ya ƙirƙiro zabbi ran gaisuwa, mi zai ƙirƙiro bayan an ba shi ɗiya?"

Na ga aure na shirin sulluɓewa. Na durƙusa, fura na ɗiga daga hannun riga, na faɗi gaskiya duka: kunkuru biyu, hawainiya, har macijin. Na ce tsoro ne ya sa ni, kada a hana ni Hadiza. Sunanta kuwa ban sa a cikin laifin ba, ko da yake na ji tarinta daga cikin gida.

Malam ya kafe ni da ido har na fara karanta duk addu'ar da na sani. Can ya ce, "Macijin nan, da gaske ɓera yaka ci?"

Na ce, "Wallahi, Baba, shi ne abincinsa."

"To ɓeraye sun gama da ni cikin rumbu." Sai a nan ya murmusa. "Tashi ka kama baƙuwarka kahin kaji su same ta."

Haka na bi gindin danga a rarrafe, da babbar riga, a gaban dangin matar da zan aura, ina lallashin hawainiya ta hau sanda.

An ɗaura auren bayan wata uku. Har yau in na sauka a Ɗan Kassari, tun daga bakin kasuwa ake tambayata ko zabbi sun fara ƙwai. Ni dai na ɗauki darasina: in za ka yi ƙarya, fara tabbatar da cewa shaida ba ta zaune a kanka. In kuma ka ga manya na matsa maka wuri ba dalili, kada ka yi saurin gode wa tela, shafa hularka tukuna.