Fenti Uku a Kan Waya Ɗaya

Jama'a, ranar Laraba na tura babur mai ƙafa huɗu daga bakin coci har gindin mangwaro, kuma har yau bayana bai yafe mini ba.

Babur ɗin na ƙungiyarmu ta manoman citta ne, a wani ƙauye bayan Kafanchan. Ya tsufa, amma shi kaɗai ke iya bin hanyar gonaki. Maƙwabciyata Mama Damaris, wadda mijinta ya rasu bara, tana da buhu takwas na irin citta, gonarta kuma tana ƙetaren rafi. Rafin nan in ya cika, ba a sake haye shi da kaya sai Oktoba. Idan iri bai haye a makon nan ba, ta yi asarar shekara.

Na murɗa makulli, na danna sitata. Ƙas, sai shiru. Na tura shi har gindin mangwaro, muka kira Gershon bakanike. Ya taɓa batir, ya ce da ransa. Ya zaro fiyus ya ɗaga wa rana, lafiya lau. Ya kwance fulogi, ya goge, ya mayar. Mai kuwa akwai, don ni na zuba lita biyun da na yi yini guda a layi kafin na samu.

"Baba, wuta ba ya zagayawa," in ji shi. "Wa ya yi wa mashin ɗin nan fenti?"

Na ce wanne daga ciki? Mai Girma shugaban ƙaramar hukuma na farko ya ba mu shi kore, aka yanka ƙyalle, aka yi rawa. Mai Girma na biyu, Allah ya ƙara masa hangen nesa, ya sa aka shafe shi da shuɗi, ya sake ba mu shi a matsayin sabo. Na uku ya fi son ruwan ɗorawa. Kowane karo mun yi godiya, don mu mutane ne masu tarbiyya.

Gershon ya bi baƙar wayar batir zuwa inda ake ɗaure ta a jikin ƙarfe. Mai fentin ƙarshe ma'aikaci ne na ƙwarai: ya kwance wayar, ya shafe wurin, ya mayar da ita a kan fenti, fenti ya tare wuta. Gershon ya sa wuƙa yana kankarewa, Masu Girma suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga ƙarfe. Ya ɗaure, ya danna. Babur ya yi tari ya tashi.

Sai ga sakataren ƙungiya, Francis, da gwangwanin fenti a hannu.

"Ku kashe shi! Sabon Mai Girma zai zo ranar Asabar ya ƙaddamar da shi."

"Ɗana, ka ƙaddamar da ni tukuna," in ji Mama Damaris. "Gershon, ɗora buhu."

Ni dai raina ya daɗe a ɓace, amma ranar na yi dariya har da hawaye. Sawu huɗu Gershon ya yi. A na ƙarshe hadari ya sauko, rafi ya cika, ya bar babur a gonar ya dawo a ƙafa ta wata siririyar gadar itace.

Ranar Asabar Mai Girma na huɗu ya iso. Aka ɗaure ƙyalle a bakin rafi, ya yanka, ya nuna babur can ƙetare, ya ce wannan shaida ce cewa ayyukansa sun kai inda shi kansa ba zai iya zuwa ba. Mun tafa sosai. Mama Damaris ba ta samu halarta ba, tana can tana shuka.