Rasuwar 'Yar Baƙa, Kwamfutar Yaya Khaulat

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin roba, iyalan gidan Inna Barira da ke Wara suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar 'Yar Baƙa, kwamfutar ofis ta Yaya Khaulat, wadda ta cika ranar Laraba bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar baiwar Allah ce mai riƙon amana. A cikinta aka dasa VPN, wato ɓoyayyar hanyar nan da ma'aikaci ke bi ta intanet ya shiga manhajojin ofishinsu daga nesa. Albarkacinta Yaya Khaulat ke zaune a bakin tafki tana aikin ofishinsu na Birnin Kebbi, jaririnta Sufyanu yana bayan Inna. Tun farko oga ya gindaya sharaɗi, ya ce ranar da hanyar ta yanke, ranar za ta koma teburinta.

Za a daɗe ana tuna muryarta. In ta sami shiga sai ta ce "ƙilin", in sabis ya gudu ta yi "tuu-tuu" cikin ladabi, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Fankarta kuwa huci take kamar tsohuwar da ta hawo gangare da tulu.

Ajali ya same ta a bakin aiki. Da yake sabis ya fi ƙarfi a mashigin jirage, can aka kai ta da hantsi, sai wani jirgi mai inji ya wuce ya watsa mata ruwa har cikin madannai. Yaya Khaulat ta dawo da ita gida a guje, ta kife ta a tabarma, ta fita neman mai gyara. A nan ne Inna, wadda tun tana budurwa take bandar kifi, ta dubi majinyaciyar ta ji tausayinta. Ta ɗauke ta da hannu biyu, ta shimfiɗa ta a kan banda tsakanin tarwaɗa da ragon ruwa, ta ƙara itace. Har juya ta ta yi, don kada gefe ɗaya ya fi.

Da Bashiru mai gyara ya iso, ya shinshina gawar, ya cire hularsa, ya ce shi dai a iya saninsa wannan ta dahu. Inna ba ta yarda da laifi ba. "Yo mi na yi?" in ji ta. "Duk abin da ruwa ya taɓa, hayaƙi ka gyara shi."

Ta rasu ta bar caja guda mai ɗaurin salatif, da linzamin kwamfuta wanda har yanzu yake kunna jar fitilarsa yana neman ta, da rahoton wata da ba a aika ba. Oga ya yi ta'aziyya ta waya, ya ce Allah ya ba da haƙuri, sannan ya tambayi motar da Yaya Khaulat za ta shigo.

Za a ɗauki gawa ranar Litinin daga tashar Wara, a bi da ita ta Yawuri zuwa Birnin Kebbi, domin ofis ya ce kayansa ne, ko a ƙone sai ya gani. Yaya Khaulat ce za ta raka ta. Sufyanu ma zai bi, tunda abincinsa can ya nufa.

Masu gaisuwa su sami Inna a gida. Ana roƙon kada a tambaye ta ina jikanta, kuma don Allah kada kowa ya zo da kifi.