Gadon Ramlatu da Tagar Mudan

Jikana Mudan yaro ne mai kirki, Allah ya shirya mini shi, sai dai bakinsa ya fi shi girma. In ya ga ɓera, kafin ya iso gida ya zama raƙumi. Ni na goya shi, don haka babu mai faɗa mini halinsa.

Ya tafi ƙasar Holan yana gyaran kwamfuta. Ya ɗan tara abin da ya tara, ya sayi ɗaki a tsohuwar unguwar birnin Amstadam, inda ruwa ke ratsa tsakanin gidaje kamar lungunan garinmu. Ɗaki na ce. Ɗaya tal, can ƙololuwar bene. Amma da zai aiko mana da hoto Funtuwa, sai ya tsaya gaban benen gaba ɗaya, hannu a aljihu.

Na ce, "Kai mijin nawa, duk wannan naka ne?"

Ya ce, "Kaka, ai ba ki ga bayansa ba."

Lokacin an riga an sa ranar aurensa da Ramlatu. Gwaggonta Hajiya Tasalla, mai fataucin atamfa, ita ce a kan kayan ɗaki. Ta buga masa waya. "Ɗana, gaya mini girman ɗakin amarya, kada mu yi abin kunya a ƙasar mutane."

Nan ya kamata ya faɗi gaskiya. Ina!

"Hajiya, ku yi iya ƙarfinku. Ɗakin nan in kika yi sallama a wannan bango, na wancan bango sai gobe zai amsa. Ƙofar kuwa ko tirela ta shiga."

Baki shi ke yanka wuya. Dangin amarya suka ce wallahi ba za a raina su ba. Aka sa kafinta ya ƙera gado mai rumfa, da madubi a kai, aka haɗe shi dam yadda ba ya kwancewa. Katifa kuwa sai ka taka kujera za ka hau. Aka loda a jirgin ruwa.

Ranar jere Hajiya Tasalla ce ta raka amarya. Mu kuma a nan mata sun cika tsakar gidana maƙil, danginmu da nasu. Aka jingina waya da turmi, Ramlatu na nuna mana komai daga can.

Suka fara hawa. Matakalar kamar tsanin rumbu. Hajiya na nishi tana kiran gwiwarta. A hawa na biyu wata tsohuwar Baturiya ta leƙo, ta nuna Mudan da yatsa, ta zazzaga masa faɗa.

Hajiya ta ce, "Me take cewa?"

Mudan ya ce, "'Yar hayata ce. Barka da zuwa take yi muku."

"Da wannan fuskar?"

Suka kai ƙarshe, ya buɗe ƙofa. Hajiya ta shiga, Ramlatu ta shiga. Mudan ya tsaya a waje, don babu inda zai sa ƙafa.

Hajiya ta waiga dama, ga murhu. Ta waiga hagu, ga taga. Ta ce, "To, zaure ya yi kyau. Mu wuce ciki."

Ta ja wata 'yar ƙofa, banɗaki ne. Ta ja ta biyu, tsintsiya ta faɗo mata a ka, ƙwal!

"Ɗana, ina cikin?"

"Ana... ana fenti, Hajiya."

Ni dai na ja mayafi na rufe rabin fuska.

Ana haka motar kaya ta iso. Gado ya ƙi matakala, ko kansa bai shiga ba. Ashe su can haka gidajensu suke, shi ya sa kowane bene yake da ƙugiya a samansa. Igiya ake ratayawa, a jawo kaya ta taga kamar guga, kuma akwai masu wannan sana'a. Direban ya ce a kira su. Mudan ya ga wannan ce damar wanke kansa, ya naɗe hannun riga.

"A kira wa? Ni da na tashi ina jan ruwa a rijiyar Kaka?"

Na matsa bakin waya na ce, "Ƙarya kake, ja'iri! Ko sau ɗaya ba ka taɓa ja mini ruwa ba!"

Bai saurare ni ba. Ya rataya igiya a ƙugiyar, ya ɗaure gado da katifarsa, ya tsaya a 'yar hanyar da ke tsakanin gidan da ruwa, ya fara ja. Ƙiii! Ƙiii! Gado na tashi, jijiyar wuyansa na tashi. Masu kekuna suka tsaya kallo. Da ƙyar gado ya kai taga. Ƙwas! Ƙafa ɗaya tagar ta haɗiye, sauran suka tsaya a waje suna kallon gari.

Hajiya ta leƙo. "Ko ya shigo ma, mu ne za mu fita!"

Sai iska ta taso, gado ya fara lilo. Igiya ta goge masa tafin hannu.

"Wayyo hannuna!"

Ya saki. Sululu, tsundum!

Gado mai rumfa ya nutse da madubinsa. Katifa ta taso, ta kama hanya a hankali kamar mai zuwa unguwa. Ga wani jirgi cike da 'yan yawon buɗe ido, sai tafi suke suna ɗaukar hoto.

Ramlatu, 'yar albarka, ta ce, "Haba Mudan. Da tabarma ka ce, ai da na zo."

Ya buɗe baki, kuma na rantse wata ƙaryar zai ƙara. Bai samu dama ba. Wasu agwagi biyu suka zo suna iyo, suka haye katifar, suka karkaɗe jiki, suka kwanta a tsakiya abinsu.

Hajiya Tasalla ta dube su daga taga, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa har muna ji a Funtuwa.

"Ayyururui! Mutanen gida, ku shaida, kayanmu ba su yi asara ba. Ga ango ga amarya, sun tare!"