Rasuwar Amarya, Mai Zana Layin Filin Bnei Eshel

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Rahamim Zaguri, tsohon mai kula da filin ƙwallon garin Givat Eshel, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da tsofaffin 'yan wasan ƙungiyar Bnei Eshel a duk inda neman abinci ya watsa su, rasuwar abokiyar tafiyarsa, keken zana layin fili da gari ya laƙaba wa suna Amarya.

Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce tana bakin aiki, bayan doguwar jinya. Har yanzu tana kwance inda ta faɗi, kusa da ragar yamma, lulluɓe da tsohuwar tutar ƙungiya, domin ciwon baya ya hana Rahamim ɗaukar nauyi, kuma bai samu mai kama masa ba. Ranar Lahadi da safe katafilolin hukumar gari za su shigo su mai da filin wurin ajiye motoci. Duk abin da suka tarar a ƙasa, da shi za su haɗa.

An haifi marigayiyar a bayan masaƙa, zamanin da rabin gari ke hira da Larabcin Maroko, sauran rabin na koyon zagi da Ibrananci. Masaƙan ne suka kafa ƙungiyar, don su samu inda za su yi ihu ba tare da inji ya danne muryarsu ba. Wani mai walda ya haɗa ta da garwar zaitun da bututun ruwa. Tayoyin kuwa, Rahamim ne ya kwance su daga keken tura jariri na ɗansa Doron. Matarsa Sultana, Allah ya jiƙanta, ta fito ta tarar da keken yaro zaune a kan cikinsa.

"Rahamim, ina ƙafafun keken nan?"

"Aro na yi, hasken idona. Zuwa ƙarshen kaka."

"To kai ma ka aro baya ka goya shi zuwa ƙarshen kaka."

Ya goya shi kuwa. Da yaro a baya ya zana layin farko.

'Yan wasa suka sa mata Amarya saboda kullum cikin fari take, kuma ranar Juma'a kaɗai take fita. Mai haƙuri ce, marar kwaɗayi. Abincinta garin farar ƙasa, man shafawarta ɗigon baƙin mai. Ba ta taɓa tambayar a wane rukuni ake ba, kuma gara da ba ta tambaya, don Bnei Eshel ta ƙare rayuwarta ne a rukunin da babu wani a ƙarƙashinsa. Wanda ya zauna kusa da fili ba zai manta muryarta ba: ƙiiii-ƙwat, ƙiiii-ƙwat, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Matan unguwa da ita suke sanin lokacin ɗora tukunyar Asabar, tun da ba a girki a ranar hutun.

Ba a ɓoye aibin mamaci idan gari duka ya san shi: tayarta ta hagu ta fi ta dama gajarta. Ba ta taɓa zana layi miƙaƙƙe ba. Amma wannan aibin ne ya ba garin ranar da ya fi alfahari da ita, lokacin da ƙuri'ar kofin ƙasa ta kawo wata babbar ƙungiya daga bakin teku. An zura wa Bnei Eshel shida. Gab da tashi, ƙwallo ta gangara ta tsaya a bakin ragar baƙi, daidai inda layin ya yi ciki. Golansu ya rantse bai taɓa ganin layin raga mai tumbi ba. Alƙalin wasa ya duba, ya ce shi da layin da ya gani yake hukunci, ya nuna tsakiya. Shida da ɗaya. Mutane suka bar wanda ya ci ƙwallon a tsaye, suka ɗaga Amarya a kafaɗa, suka zaga kasuwa da ita tana yayyafa musu fari a ka.

Sai masaƙa ta rufe. Samari suka tafi aikin soja, daga can suka wuce birni, ba su dawo ba sai da biki. Ɓawon 'ya'yan kankana da ake sharewa da shebur a ƙarƙashin bencina ya koma abin da ake tsincewa da hannu. Ranar wasan ƙarshe, shida suka zo, doka kuwa ta ce sai bakwai. Rahamim ya zura rigar gola a kan ta aikinsa, ya shiga layi.

"Kawu, ina katinka na ɗan wasa?" in ji alƙalin wasa.

"Ɗana, na girmi katin."

"Ka girme shi, amma ba ka da shi. Fita kada ka faɗi in shiga uku."

Aka busa tashi ba a taɓa ƙwallo ba. Ƙungiya ta mutu ranar, babu wanda ya yaga riga dominta, babu wanda ya zauna makoki. Amarya dai ba ta samu labari ba. Kowace Juma'a tana fitowa, ita da Rahamim, su zagaye filin da babu mai jiransa, su gyara da'irar tsakiya, su ɗiga wurin bugun fanareti, sannan su zauna a inuwa su kalli aikinsu har iska ta fara lashe shi. Bayan rasuwar Sultana, ita kaɗai ce yake wa magana ta amsa.

Ciwon ajali ya fara ne da tsatsa a ciki. Ta koma tarin gari, wani wuri ta zubar da yawa, wani wuri ta wuce shiru. Ya ɗaure ta da waya, ya liƙe ta da kwalta. Ranar da za ta tafi ta yi ƙiiii mai tsawo, yana sauraron ƙwat ɗin, bai zo ba. Sandar tayoyi ta karye, ta durƙusa a gabansa, sauran garin ya zube wuri guda.

Ta rasu ta bar raga ɗaya mai huji, da igiyar awo wadda ba ta taɓa bin shawararta ba, da bokiti, da usur marar ƙwallo a ciki, da Rahamim. Ta kuma bar ɗan'uwanta na taya, Doron Zaguri, mazaunin Kanada, wanda aka sanar da shi ta waya.

"Abba, ƙarfe ne fa. Kira masu gwangwan su ɗauka. Ka sha maganinka?"

An kira tsohon kyaftin, ya ce jikarsa na da biki. An kira wanda ya ci ƙwallon nan guda, ya ce, "Kawu, wai har yanzu filin na nan?" An je wa malamin majami'ar Yahudawa, Rabbi Ohayon, ko zai ce wani abu a kanta. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Rahamim, addu'ar mamaci ba ta garwa ba ce. Kuma a ce na yarda, ina maza goman da addu'ar ke buƙata su tsaya? Da kana iya tara goma a garin nan, da ƙungiyar ba ta mutu ba."

Mutum ɗaya ne bai ce a'a ba: Yihye Sharabi na ƙauyen da ke ƙetaren titi, magoyin bayan abokan hamayya, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan shinge yana zagin layin Rahamim. Tasu ƙungiyar ta riga wannan kwanta dama.

"Karkatacciyar nan ce ta mutu? Ɓarauniya! Zan zo in ga an rufe ta da idona, kada ta tashi." Sannan ya ƙara da cewa a wayar, "In gwiwa ta bar ni, Rahamim. Kwana biyu ba ta barina sauka bene."

Za a yi jana'iza ranar Juma'a mai zuwa da rana, a filin. Za a ɗauke ta daga bakin ragar yamma zuwa gindin bishiyar turaren da ke bayan shinge, inda aikin hukuma bai kai ba. Rahamim ya riga ya haƙa ramin, kaɗan-kaɗan, a zaune. Ba a buƙatar furanni. Mai zuwa ya tsinto dutse a hanya ya ɗora mata. Akwai dafaffen ƙwai da shayi mai na'a-na'a.

Ana roƙon a zo da wuri. Da zarar jiniyar shigar Asabar ta yi kuka da yammacin Juma'a, ranar hutu ta shiga, ba a ɗaukar kaya kuma, daga nan sai Lahadi. Marigayiyar ba ta da nauyi sosai. Mai kamawa ta gefen tayoyi kawai ake nema. Rahamim zai buɗe ƙofa tun hantsi, zai zauna a bencin farko, inda ake hango titi.