Waya a Cikin Shinkafar Suna

Damina ce mai albarka, shekarar da autata Hindatu ta haihu a Ƙofar Gayan. Ana gobe suna sai fuskar wayata ta yi baƙi ƙirin, ko da yake tana ƙara in an kira.

Maigidana Malam ya ce, "Ki aika da ita wurin mai gyara mana."

Na ce, "Haba Malam, ni da na gama yaƙi da jahilci? Sanyin damina ne ya shige ta, shinkafa ke tsotse shi."

Na tusa ta can ƙasan ƙwaryar shinkafa, na rufe da faifai, har ina tausayin waɗanda ba su san wannan dabara ba. Hidima ta ɗauke mini hankali. Ashe ƙwaryar da za mu kai wa surukai ce.

Muna zaune a tsakar gidansu, mata sun cika, Hajiya uwar mijin Hindatu ta ɗaga faifai tana sa albarka, sai shinkafa ta ɗauki kiɗa. Malam ne ya kira ya ji ko maganina ya ci. Hajiya ta saki faifai tana salati, mata suka ja da baya. Ni da ko ruwa ba na sha gaban surukai, na durƙusa na tona da hannuna.

Hindatu ta shiga da wayar ɗaki ta duba. "Inna, lafiyarta ƙalau. Haske kika rage."

Washegari na auna wata shinkafar na kai da kaina. Hajiya ta kara kunne a ƙwaryar ta ce, "Wannan ba ta magana?" Har yau haka take karɓar duk abin da na kai mata.