Barkono a Kicin ɗin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da dangin amaryar ɗana suka zo ganin gida ba, don saura ƙiris auren ya tashi a kan wata kalma da na bayar da bakina.

Ni dillaliyar tattasai da barkono ce a kasuwar Diffa. Da faranti na fara, yau manoman bakin kogin Komadugu su ke kirana kafin su ɗaure buhu. Autana Bukar ya ga wata yarinya, Nafisa, ƴar wani ma'aikacin gwamnati da aka turo daga Maradi. Uwarta malamar makaranta ce, kowa Madam yake ce mata. Da aka je neman aure sharaɗi ɗaya ta kafa: ƙirjin ƴarta ba ya son ƙura tun tana ƙarama, don haka ba za ta zauna a gidan da ake ajiye kayan yaji ba.

Na ce mata, "Madam, sabon gida na gina musu. Ko ƙwayar barkono ba za ta kwana a ciki ba sai ta miya."

Ta dube ni ta saman madubin idonta ta ce, "Na riƙe wannan maganar, Hajiya."

A gidan nan, kicin ne abin da na fi ƙauna (Bukar ya ɗauka don matarsa na yi, ban gyara masa ba). Ni a gaban murhu na girma, a wani ƙauye kusa da Gagamari, hayaƙi a ido, toka a zane. To wata rana ina jiran motar kaya, na ga hoton wani kicin a waya. Kabad-kabad baƙaƙe wuluk daga ƙasa har rufi, sauran wurin duk ruwan ƙasa mai ɗumi. Na zuba masa ido har direba ya gaji da oda. Tun daga nan ya zauna mini a kai. Ina auna kaya ina ganinsa. In na je gona na tsaya bakin kogi da yamma, ruwa ya yi duhu, gaɓa ta yi launin dabino, sai in ce to ga kicin ɗina nan Allah ya riga ya zana.

Kafinta ya sha wahalata. Na ce ƙofofin su yi baƙi irin na sabuwar tukunyar ƙarfe, mara ƙyalli da yawa. Kantocin katako su yi launin dabino. Daɓen ƙasa kamar shayi da madara. Bango kuwa na kai masa busasshen kifin banda na ce ya dubi bayansa, wannan launin nake so amma ya ɗan yi haske. Ya juya kifin ya ce, "Hajiya, in na gama dubawa zan iya ci?"

Yayata, Ya Falmata, da ta leƙo sai ta riƙe haɓa. "Ke! Mun ƙare ƙuruciya muna kankare baƙi daga madafa, ke kuma kin biya a shafa miki shi?"

Ban kula ta ba. Da aka gama, nakan rufe shago da wuri in je in zauna a ciki ni kaɗai, kan kujera ƴar tsugune. Ba wuta, ba tukunya. Ranar la'asar takan shigo ta taga ta kwanta kan katakon, wurin ya yi kamar cikin tulun zuma. In ga jikokin da ba a haifa ba suna rarrafe a kan daɓen. In ga kaina ina dama musu kunu, ba hayaƙi, ba hawaye.

Sai kogi ya kawo ruwa. Duk shekara yana cika, amma a wannan shekarar ya haura har ya fara lasar bangon mangazata, ɗakin da nake ajiye kaya. Busasshen tattasai na samu inda na raba shi. Niƙaƙƙen barkono ne ya tsaya mini, shi da ko warin laima ya ji sai ya dunƙule ya lalace, ga shi na riƙe shi ne ina jiran farashi ya tashi. Na zaga gari, kowa mangazarsa ta cika. Ina tsaye ina tunani sai kabad ɗin nan suka faɗo mini a rai: busassu, masu zurfi, masu ƙofa, kuma baƙin abu ba ya tona asiri. Na ce ai amarya ba ta tare ba tukuna, alkawari bai fara aiki ba (in ɗan kasuwa yana son abu, fatawa ba ta yi masa wuya). Na cusa buhunan, waɗanda ba su shiga ba na ɗora su a saman kabad ɗin, na kulle.

Sun daɗe a nan. Da aka aiko cewa Madam da ƴan'uwanta za su zo su ga ɗaki su auna inda za a yi jere, na sa aka kwashe kayan da safe. Ni da Ya Falmata muka share, muka goge baƙaƙen ƙofofin nan, don baƙi ko ɗigon ƙura ya hau shi sai ya nuna. Kantocin da daɓen kuwa na duba na ga tsaf. Ban tuna cewa garin barkono a kan launin dabino ɓacewa yake ba. Saman kabad kuma ba wanda ya hau. Na shaƙi iska na ce, "Kin ji wani abu?" Ta shaƙa ta ce, "Sai fenti." Mu biyun nan rabin rayuwarmu a cikin barkono muka yi, hancinmu ya daɗe da yin ritaya.

Suka iso da la'asar, Madam da ƙanwarta da wata dattijuwa, gwaggon amarya. Turare, leshi, jaka a hannu. Na zaga da su falo da ɗakin kwana, na bar kicin a ƙarshe kamar yadda ake barin tsoka a ƙasan kwano. Da na buɗe ƙofa, ranar nan tawa tana ciki tana jirana. Gwaggo ta ce, "Tubarkalla!" Madam ta shafa ƙofar kabad da yatsa, ni kuwa na san mai saye in kaya ya shige shi.

Ƙanwar ce ta ɗan murza hanci ta ce, "Kamar da ɗan zafi a nan."

Na ce, "Zafi? Ai an yi maganinsa." Na miƙa hannu na murɗa fankar rufi har ƙarshe.

Zan faɗi gaskiya, abin da na fara gani kyakkyawa ne. Wani gari ja-ja ya taso daga saman kabad ɗin, ya shiga hasken taga yana juyawa a hankali, yana walƙiya kamar an watsa zinariya. Na tsaya baki buɗe, har na ce a raina ko a hoton ma babu wannan.

Sai Gwaggo ta yi atishawa. Ba irin ta mata ba, irin wadda ke korar kaji. Ƙanwar ta karɓa. Madam ta yi ƙoƙarin riƙe tata don mutunci, ta riƙe, ta riƙe, da ta fito sai da madubin idonta ya faɗi. Kwalli ya bi kumatu. Ni na ruɗe, maimakon in kashe fanka sai na kama yi musu fifita da mayafina.

"Ruwa! A ba mu ruwa!" in ji Gwaggo. Ta lalubi kabad ɗin da ke ƙarƙashin famfo tana neman kofi, ta ja ƙofa. Buhu guda da aka manta ya kwanto a ƙafarta, bakinsa a kwance.

Duk suka zuba wa buhun ido suna atishawa.

Na ce, "Na miyar amarya ne."

Madam ta share ido, murya a shaƙe ta ce, "Buhu, Hajiya? Har jikokinta za su yi miya da shi ke nan."

Ya Falmata, wadda ya kamata ta rufa mini asiri, tana bayan ƙofa dariya ta durƙusar da ita.

A tsakar gida muka ƙarasa, kowa da buta. Madam ta wanke fuska ta miƙe ta ce, "Da Nafisa ce ta kunna fankar nan fa?" Wannan tambayar ta fi barkonon zafi. Suka tafi ba su taɓa lemon da na ajiye ba. Bukar da ya ji labari bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, "Inna, duk faɗin Diffa?" ya shige ɗaki.

Washegari na tafi gidan Madam ni kaɗai, ba rakiya, ba tsaraba. Na ce, "Na karya magana, kuma da na ga an kama ni na ƙara da ƙarya. Yaron ba ruwansa." Ta bar ni a zaune har shayin gabana ya huce, sannan ta yanke hukunci. Za a ɗaga biki sai bayan girbi. Za a kwance kabad ɗin ɗaya bayan ɗaya a wanke a shanya. Ita za ta zo ta shinshina da hancinta kafin a mayar. Makullin kicin kuwa daga hannun kafinta sai hannun Nafisa, ba za a yi mini nawa ba.

Na amsa duka, ban nemi ragi ba, abin da ban taɓa yi a ciniki ba.

In na zauna lissafi, ga yadda ya fito. Barkono ya tsira, na sayar da shi da riba mai kyau. Biki ya yi jinkiri amma an yi shi. Kicin ɗin yana nan da kyansa, sai dai sai na yi sallama a ƙofa nake shiga, kuma har yau matan unguwar Madam in sun hango ni sai wata ta ƙirƙiro atishawa. Abin da na koya bai da yawa: in zan ɓoye wa surukai wani abu, kada ya zama mai tashi sama, kuma kafin in ce gida ya yi tsaf, in aro hancin wanda ba ya sayar da barkono.