Rasuwar Tef Mai Inci Sittin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da haushi, Kawu Tela na shagon ƙarƙashin bene yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa ɗaga hannuwa sama aka zagaye ƙirjinsa, rasuwar tsohon abokin aikinsa, Tef Mai Inci Sittin. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin yanka, bayan doguwar jinya da gajeriyar rigima.

Marigayin ya shigo shagon nan tun gashin kan Kawu yana baƙi wuluk. A lokacin launinsa ruwan ɗorawa ne, lambobinsa manya, baƙaƙe, waɗanda ko mai hakiya zai karanta daga bakin ƙofa. Tun daga ranar wuyan Kawu ya zama gidansa. Ya sha gumi, ya sha tururin dutsen guga, ya faɗa cikin kofin shayi ba sau ɗaya ba, bai taɓa ƙorafi ba. Ya zagaye tumbin manyan mutane bai tona asirin kowa ba. Ba shi da surutu. In Kawu ya zaro shi daga wuya sai ya ce "shuu", in ɗan ƙarfen bakinsa ya bugi tebur sai ya ce "ƙyal", iyakar maganarsa ke nan a duniya. Yanzu shagon ya yi shiru irin wanda ba shi da daɗin ji.

Bai san komai ba sai inci, kuma bai taɓa jin kunyar haka ba. Inci yana da rabi, yana da kwata, yana da rabin kwata, abin da mutum zai ninke ƙyalle biyu ya gani da idonsa. Sha biyu ƙafa ɗaya, ƙafa uku yadi ɗaya. Da wannan lissafin Kawu ya tufatar da unguwa guda, ya aurar da ƙannensa, ya biya wa 'ya'yansa makaranta.

Cikin 'ya'yan nan da aka biya wa makaranta ne ajalin marigayin ya fito. Babbar 'yar Kawu, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, ta je ta koyo ɗinki na zamani, ta dawo da rular ƙarfe mai santimita, ta kafa ta da ƙusa a gefen teburin yanka ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Jama'a su shaida, Kawu ya yi haƙuri. Ya sa tabarau ya duba rular, ya ga wasu ƙananan zane-zane a cunkushe kamar haƙoran mataji. Ƙugun da ya sani talatin da huɗu tun yana saurayi, rular nan ta ce tamanin da shida ne. Ina mutumci a nan? Wane magidanci ne zai shigo shago da girmansa a gaya masa ƙugunsa tamanin da shida, ya sake dawowa?

Sai dai duniya ta goyi bayan rula. Masu sayar da kaya a kasuwa suka daina yanka da yadi suka koma mita. Masu kawo ɗinki suka fara turo awo ta waya da santimita. Uwata kuwa, cikin ladabi, tana durƙusawa tana faɗin abin da ba ya durƙusawa: "Baba, ko dai ka koyi santimita, ko ka bar mini yanka. Ka huta mana."

Hutu! Duk wanda ya san shagon ɗinki ya san mai almakashi shi ne tela, sauran masu taka keke ne kawai. Teburin yanka shi ne abin da Kawu yake karewa, shi ne kuma abin da marigayin ya mutu yana taya shi karewa.

Kawu bai ƙi koyo ba, kada a yi masa ƙarya. Ya haddace cewa inci ɗaya santimita biyu da rabi ne, ya ga lissafi mai tsafta wanda za a yi a kai ana tafe. Uwata ta ce ba haka ba ne, biyu ne da ɗigo biyar huɗu. Ya ce, "Ɗigon me, Uwata? Kin taɓa ganin almakashin da ke yanka ɗigo?" Ta ce a hannun riga ba za a gani ba, amma a abu mai tsawo ɗigon nan taruwa yake yi. Ya ce to ya taru, yana jiransa.

Ciwon ajali ya fara ne da labulen wata malama mai ritaya, wadda ta gama ginin falonta mai dogayen tagogi, ta zaɓi wani yadi mai nauyi da ya rage ƙarshen bandir a kasuwa, babu irinsa kuma. Uwata ta ce bari ta je ta auno. Kawu ya ce yana raye ba za a yi haka ba. Nan suka yi alkawari a gaban maƙwabcinsu mai gyaran takalmi: in aikin ya fita lafiya, ba za ta ƙara tayar da maganar santimita ba, in kuwa ya ɓaci, almakashi ya koma hannunta.

Kawu ya hau kujera a falon malama, gwiwa tana ƙara, ya auna da marigayin sau biyu saboda tsawon ya fi ƙarfinsa. Har da kalmasa ya samu inci ɗari da goma. Ya buga lissafinsa na biyu da rabi, ya kira Uwata tana gaban mai yadi, ya ce a yanka santimita ɗari biyu da saba'in da biyar kowane falle. Ta ce, "Baba, ka tabbata?" Ya ce tun ba a haife ta ba yake auna taga. Aka yanka.

Ranar da aka rataya labulen, ya tsaya can sama da ƙasa kamar wandon yaron da ya yi tsawo a hutu. Tafin hannu guda ya rage. Aka kwance kalmasa aka rage ta har ta koma siririya, duk da haka haske yana leƙowa ta ƙasa. Malama ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai dubi labulen, ta dubi Kawu, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba."

Washegari aka kwantar da marigayin a gefen rular ƙarfe domin a duba lafiyarsa. Abin da aka gano ya fi ɗigo muni. Shekarun ja da gumi sun miƙar da shi, incinsa sittin ya zama sittin da ɗaya. Ashe ya daɗe yana ciwo bai faɗa ba. Da shi ake awo, da shi ake yanka, don haka kuskurensa bai taɓa fita daga shago ba, riguna suna zama daidai a jikin masu su. Sai da aka haɗa shi da baƙon ma'auni asirinsa ya tonu. Rabin gajartar labulen nasa ne, rabin na ɗigon da Kawu ya ce yana jira.

Uwata ta riƙe kansa tana nuna wa mahaifinta wurin da lambobi suka zarce. Kawu ya riƙe wutsiyarsa ya ce ta sake shi, ba a wulaƙanta tsoho a gaban jama'a. Ta ce ya dai duba. Ya ja. Ba ta saki da wuri ba. Daidai inci talatin, inda ya saba kwanciya a bayan wuya har ya sule, marigayin ya ce "ɓas", ya rabu biyu. Uba ya tsaya da rabi, 'ya ta tsaya da rabi, babu wanda ya iya duban ɗan'uwansa.

Ya rasu ya bar yayarsa, sandar yadi, wadda yanzu ake tokare taga da ita. Ya bar keken ɗinki, da dutsen guga, da guntun allin zane, da allurai masu yawa. Ya bar magidanta da dama da za su gane a awo na gaba cewa marigayin yana yi musu ragin rabin inci a ƙugu saboda kirki. Ya bar almakashi, abokin tafiyarsa, wanda bai yi zaman makoki ba, domin tun yammacin ranar ya koma aiki a wani hannu. Kawu ya cika alkawari. Shi da kansa ya goge shi da gefen rigarsa ya ajiye a gaban Uwata.

Iyalan suna roƙon masu ta'aziyya abu biyu. Kada kowa ya zo da sabon tef mai fuska biyu, inci a gaba santimita a baya, yana cewa ai ga magani. Kawu ya ga irinsu, bai yarda da abin da ke magana da baki biyu ba. Kuma kada kowa ya sake bayyana masa ɗigo biyar huɗu. Ya gane. Ganewar ce ba ta zo da wuri ba.

Za a yi jana'iza gobe bayan an buɗe shago. Za a naɗe sassan biyu wuri ɗaya, a lulluɓe su da ragowar yadin malama, a sa su a aljihun tsohon keke na ƙasa, wanda ba a cika buɗewa ba. Uwata ce ta yanka likkafanin. Ta miƙo wa mahaifinta almakashi don ya yi wannan na ƙarshe da hannunsa, idonta ya kawo ruwa. Ya kai hannu wuyansa ya ji babu komai, ya ce, "Yanka, Uwata."

Masu zuwa gaisuwa kada su nufi teburin yanka, ba za su same shi a can ba. Yana bakin ƙofa a kan ƙaramar kujera, da gwangwanin maɓallai a cinya. Wanda ya zo da rigar da maɓallinta ya tsinke ya miƙa masa, zai ɗinka. Maɓalli ba ya bukatar awo.